Abin da Mabika Ya Tambaye Ni

'Yan uwa, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na mai cewa wai na yi aure na manta da ku. Ban yi aure ba. Kasa ɗaukar waya na yi. Yau dai zan ba ku labarin ranar da na ci itace, yadda na riƙe shi a kaina, ban ƙara ba ban rage ba.

Ga wadda ta shigo zaurenmu na waya yau, ni ce Ilama, a nan Lambarene nake, unguwar Isaac. Mijina Mabika masunci ne. Wata safiya ya fita, kwale-kwalen ya dawo, shi bai dawo ba. Aka yi ta nema har aka gaji. Da aka rasa gawa sai danginsa suka yi abin da aka saba, suka sare guntun itacen ayaba, suka sa masa rigar Mabika mai ruwan toka, suka kwantar a akwati. A wurinmu kafin a rufe akwati sai matar mamaci ta tsaya ta wajen kansa ta sallame shi da bakinta, ta ce ka tafi, ni ma ka sake ni, sannan ta juya ta tafi ba waiwaye. Aka tsayar da ni. Na leƙa. Itacen ayaba ne cikin riga, ruwansa har ya jiƙa wuyan rigar. Bakina ya ƙi buɗuwa. Aka zungure ni, aka lallashe ni, na kasa. Ƙarshe suka rufe abinsu.

An yi min wankan fita takaba, an aske min kai, an ƙona baƙin zanen. Gashi ya fito har ya isa kitso, amma ni ban fita ba. Kullum in na dafa abinci sai na zuba nasa a kwanonsa mai murfi, ya kwana a kan tebur, da safe in zuba wa kaji. Kifi kuwa na daina sayarwa, na daina ci. Yaya zan sa wuƙa a cikin kifin da ya fito daga ruwan nan? Na koma suyar fanke a ƙofar gida.

A nan Onanga ya same ni. Makanikin injin kwale-kwale ne, gajere mai faɗin kafaɗa, farcensa kullum da baƙin mai. Kowace safiya sai ya tsaya ya sayi fanke. Sai daga baya na gano ba ya cin kayan zaƙi, maƙwabcina mai gadi yake kai wa. Ya kai wa Kawuna bammi ya ƙwanƙwasa ƙofar neman aurena yadda ake yi, Kawu ya sha ya ce shi ya yarda, saura ni. Ni kuwa in na buɗe baki zan amsa sai in ji kamar akwai mai zaune a kan tebur yana saurare.

Sai aiki ya fito masa a Port-Gentil. Ya ce min, "Ilama, ba na son amsar da aka matse ki kika bayar. Amma in na hau jirgin ruwan nan ba amsa, zan ɗauka ita ce amsar."

Mama kuwa daga Muila saƙon murya take turo min kamar ruwan sama. Ga ɗaya, na saurare shi har na haddace:

"Ilama, ke kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Mutum ya zo da mutuncinsa, ba ya sha har ya faɗi, ba shi da mata a kowace tasha, kin tsaya kina auren kwano! Kwanon zai riƙe miki kai in kina zazzaɓi? Ki kira ni. Kuma kada ki ce min wai babu sabis."

A rediyo na ji maganar mutanen jami'a. Sun zo daga Libreville, da wasu Turawa, suna binciken ko iboga, wani itacen magani na dajinmu, zai taimaki waɗanda baƙin cikin mutuwa ya ƙi saki. Mu itace kawai muke ce masa. Na girma ina jin garayar 'yan Bwiti, masu addinin gargajiya da ke cin itacen, a bayan gidanmu, amma ban taɓa ci ba, Mama 'yar coci ce ba ta son zancen. Na je ba don na yarda da su ba. Na je ne don an ce wanda ya ci yana ganin nasa da suka tafi.

Ba nan take suke bayarwa ba. Sun ɗebi jinina, sun manna min wayoyi a ƙirji sau da yawa, don itacen yana iya tsayar da zuciya. Wata mata da muka je tare suka ce ta yi haƙuri, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ta fita tana zaginsu. Ni suka haɗa ni da Dakta Andeme, doguwa mai ƙaramin tabarau, ba ta saurin magana. Mun daɗe muna zama muna hira. Tana tambaya ko ina barci, ko ina ci, ko na taɓa tunanin bin Mabika ruwa. Na gaya mata gaskiya.

Ana gobe za a ba ni sai ga Inna Matsanga, ƙanwar Mama, ta sauka daga motar Muila da jakar buhu a kai. Ita ta daɗe a Bwiti, mata da yawa sun ci itace a kan cinyarta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce in kai ta wurin likitar.

Ta shiga ɗakin da za a kwantar da ni ta tsaya tana dube-dube. Gado ne da farin zane, kujeru biyu, labule ruwan ganye, na'urar zuciya a gefe, da tukunyar fure a kan taga.

"Ina wuta?" ta ce.

"Ba ma kunna wuta, Inna," in ji Dakta.

"Farar ƙasa fa, da za a shafa mata? Madubi? Mai garaya?"

"Garaya akwai. A kunne za mu sa mata."

"A kunne." Inna ta juyo ta kalle ni. "Itacen fa?"

Dakta ta nuna mata kafso a cikin 'yar kwalba. Inna ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Wayyo kakannina! Sun sa muku wando da riga. To 'yata, in ba ta ji ɗacinsa ba, ta yaya zai san ta zo?"

Dakta ma ta yi dariya. "Kakata 'yar Bwiti ce, Inna, a bayanta na yi barci ana kaɗa garaya. Ban zo raina abin ba. Akwai mutane da yawa da ba su da inna irinki. Muna so mu gani ko zai taimake su, kuma kada ya kashe kowa."

Wannan ya ɗan kwantar da Inna. Inda suka saɓa shi ne maganar baki. A Bwiti wanda ya ci itace ba ya yin shiru. Duk abin da ya gani yana faɗa a lokacin, manya na kewaye da shi suna cewa bi nan, bar can. Su kuwa mutanen jami'a rufe ido suke yi da baƙin ƙyalle, mutum ya kwanta da abinsa a ciki, sai washegari ya ba da labari. Dakta ta ce dole kowa a yi masa iri ɗaya, in ba haka ba ba za su san abin da ya yi aikin ba. Inna za ta iya zama a baranda, amma ba cikin ɗaki ba.

"Ku tura yarinya kasuwar da ba ta taɓa zuwa ba, ba ɗan rakiya?"

"Ina gefenta, Inna. Ba zan motsa ba."

"Kina gefen jikinta."

A hanyar gida Inna ta riƙe min hannu da ƙarfi. "Saurara. In ya ba ki abinci kada ki ci. In ya ce ki shiga kwale-kwale kada ki shiga. Kada ki bari ya taɓa ki, ko da gefen zane. Faɗi abin da ya kai ki, ki juyo. Kin ji?"

Na ce na ji. Ita kuma Dakta abin da ta yi ta nanata min shi ne, duk abin da ya fito kada in gudu, in matsa kusa, in ya yi tambaya in faɗi gaskiyar zuciyata. Na haɗa biyun na riƙe. Ban ga inda suka ci karo ba.

Da safe Onanga ya zo da tasi. Na ɗaura zanena shuɗi mai zanen tsuntsaye, wanda ban taɓa ba tun kafin rasuwar, na sa farar riga, ba ɗan kunne ba sarƙa don sun hana ƙarfe. Ya kalle ni ya kau da kai.

"Kwalliyar nan ta wa ce? Tawa ko ta abokin kishina?"

"Makaniki, ka kiyaye ni."

"Tambaya na yi. In kin gan shi ki ce ina gaisuwa."

Inna daga gaban mota ta juyo. "Rufe bakinka, ɗan nema. Wa ya gaya maka ana aika gaisuwa can?"

Ya yi murmushi. A ƙofar asibiti ya ce jirginsa gobe ne da hantsi. Ya ce zai bar wayarsa a kunne. Ya so ya ƙara wani abu, sai ya shafa ƙeya ya koma mota.

Suka karɓi wayata. Suka manna wayoyin ƙirji, na haɗiye kafson da ruwa kaɗan, na kwanta. Rana tana shigowa ta labule, ina jin wata mai shara a waje tana waƙar coci. Dakta ta ɗaura min ƙyallen, ta sa min garaya a kunne, ta ce, "Ina nan."

Da farko ba komai. Har na fara cewa a raina Inna ta yi gaskiya, itace mai wando ba ya aiki. Sai na ji ƙara can nesa, ƙasa-ƙasa, irin ta inji in kwale-kwale yana tahowa daga bayan tsibiri. Tana matsowa, tana matsowa, har ta shiga cikin haƙorana. Gadon ya fara lilo. Na ɗan juya kai sai amai ya taso, na ji hannu ya tallafe ni, an goge min baki. Daga nan na daina sanin inda ƙafafuna suke.

Hotuna suka fara wucewa kamar ana canza tashar talabijin. Mama tana daka ganyen rogo tana yarinya, ƙuruciyar da ban taɓa gani ba. Babana da ya rasu ina goye, yana ɗaure igiyar takalmi. Wani kare da muka yi da. Duk ba mai kallona. Na ce a raina ba ku na zo nema ba.

Sai na tsinci kaina a hanyar kasuwar Isaac, ina gangarawa bakin ruwa. Rana tsaka ce, amma ba abin da yake da inuwa, har ni. Rumfuna a buɗe, ba mutum ko ɗaya. Kifi jere a kan tebura, manya-manyan karfasa, kuma dukkansu suna numfashi tare, baki na buɗewa yana rufewa a lokaci guda. Na wuce tsakaninsu ina riƙe da zanena kada ya taɓa su.

Kogin Ogowe a tsaye yake. Ban san yadda zan faɗa muku ba. Ruwan yana nan, faɗinsa yana nan, amma ba ya tafiya.

Yana zaune a kwale-kwalensa ya ba ni baya, yana ɗinkin raga. Rigar nan ce mai ruwan toka. Wuyanta a jiƙe.

Tsoro ya ce in gudu. Na tuna maganar Dakta, na matsa har yatsuna suka kusa taɓa ruwa. Na ce, "Mabika."

Ya juyo. 'Yan uwa, na zaci zan ga abin da ruwa yake yi wa mutum. Ba haka ba ne. Shi ne, da wushiryarsa, da tabon ƙugiya a haɓa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke kuma wa ya cinye miki jiki haka? Zanen nan a da kina cika shi."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi, yana ta ɗinkinsa, kamar yadda yake yi in muna faɗa.

"An ce kin daina kifi," ya ce. "Matar masunci. Abin kunya." Ya janyo wani ƙunshin ganye daga ƙasan kwale-kwalen ya buɗe. Kifi ne gasasshe da odika, miyar nan ta ƙwallon mangwaron daji, tururi na tashi, ƙamshin har cikin cikina. "Karɓi."

Na ɓoye hannuwana a baya.

"Matsanga," ya ce, ya yi dariya. "Tsohuwar nan ba ta taɓa sona ba. To shigo ki zauna, kin gaji da tsayuwa."

"A nan ma ya isa."

"Shi ke nan." Ya rufe ganyen. "Ki daina zuba min abinci, Ilama. Ba ya isowa. Kajinki ne kawai suka yi ƙiba da sunana."

Na yi dariya cikin kuka. Kuma a nan, ban shirya ba, bakina ya buɗe. Maganar da ta ƙi fita a gaban akwati ta fito da kanta. Na ce, "Mabika, ka tafi. Ni ma ka sake ni."

Ya daɗe yana kallon ragar da ke cinyarsa. Sannan ya ce, "Na ji."

Wani abu ya sauka daga ƙirjina, kamar an sauke min tulun da na manta ina ɗauke da shi. Da na juya a lokacin, da shi ke nan. Amma na tsaya ina kallonsa, don na san ba zan ƙara ba.

"Na ga an gyara rufin ɗaki," ya ce, bai ɗago ba. "Wajen da yake yoyo a kan gado."

Gaskiya ne. Da damina Onanga ya hau ya canza kwanon rufin, bai ko tambaye ni ba.

"An gyara."

"Aikin ya yi kyau. Wa ya yi?"

"Wani ne."

"Wanin ba shi da suna?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba. A hankali ya yi ta, kamar mai son ya san a hannun wa zai bar kayansa. Ban ci ba, ban shiga ba, bai taɓa ni ba. Na duba duk abin da Inna ta hana, babu wannan a ciki. Kuma an ce in faɗi gaskiyar zuciyata.

Na ce, "Onanga."

"Onanga," ya ce. Ya sake cewa, "Onanga," a hankali, kamar mai ajiye abu a aljihu. Sai ya ɗauki filafili ya dogara da gaɓa, kwale-kwalen ya ja baya. Ni kuma na juya, na hau hanya, ban waiwaya ba. Ina tafiya ina jin ruwan ya fara gudu a bayana.

Da aka cire min ƙyallen rana ta yi sanyi. Dakta na nan a kujerarta, idonta ya yi ja don gajiya. Ta ce, "Sannu da dawowa." A can na kwana, ƙafafuna kamar ba nawa ba, nas ce ke riƙe ni in zan zaga.

Washegari na farka da yunwa. Yunwa ta gaske, irin wadda na manta da ita. Nas ta ce me zan ci, na ji bakina ya ce romon kifi. Na shanye kwano guda ina zufa. Hasken taga ma daban na gan shi, ganyen mangwaron waje kamar an wanke kowane ɗaya da hannu. Na nemi nauyin nan a ƙirjina, na laluba ko'ina, babu. Kuma amsar Onanga tana zaune a bakina, a shirye, ba mai saurare a kan tebur.

Dakta ta shigo da 'yar na'urar ɗaukar magana, ta ce yau Inna za ta iya shiga. Inna ta zauna a bakin gado, ta kwana a baranda a kan zaninta, duk sauro ya cije ta. Na fara ba su labari. Da na zo wurin kifin ganye Inna ta ce, "Yawwa." Wurin kwale-kwale ta ce, "'Yar uwata ce ta haife ki." Da na faɗi yadda na sallame shi ta share hawaye da bakin ɗankwali, ta ce wa Dakta, "To, itacenku mai wando ya yi ƙoƙari."

Sai na faɗi maganar rufi.

Hannunta da ke shafa ƙafata ya tsaya.

"Kika ce masa me?"

"Na ce Onanga."

"Da bakinki? Ya ji?"

"Har ya maimaita."

Inna ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. "Ilama. Ba a ba na can sunan na nan. Duk wayonsu ba sa iya kiran wanda ba su san sunansa ba, sai an ba su."

"Ba ki gaya min ba, Inna!"

"Wa yake faɗin wannan? A wurinmu kina magana muna ji. Yana yin tambayar zan toshe miki baki da hannuna, shi ke nan. Ban taɓa tura mutum shi kaɗai ba balle in san abin da ake gaya masa."

Dakta ta kashe na'urarta. Ta matso da kujera ta kama hannuna. "Inna, bari in faɗi nawa. Abin da Ilama ta gani daga cikinta ya fito, itacen ƙofa kawai ya buɗe. Tun da muka fara zama da ita ba ta taɓa kiran mutumin nan da sunansa ba. Makaniki, makaniki. Jiya ta faɗa, kuma a gaban wanda take jin nauyi. Ni a wurina wannan shi ne warakar."

"Allah Ya sa naki ne gaskiya, 'yata," in ji Inna. "Ku ba ta wayarta."

Na kunna. Saƙonnin Mama suka yi ta shigowa, na tsallake su. Nasa guda ɗaya ne, na murya, bai daɗe da shigowa ba. Na danna, muryarsa ta cika ɗakin, da hayaniyar bakin ruwa a bayansa.

"Ilama, ina kwana. Ina fatan kin dawo lafiya, ba ki zauna can ba. Ina tasha, jirgin namu wai sai an jima, kin san halinsu. Wani masunci ne ya zo yanzu ya kira ni da suna, ni dai ban gane shi ba. Injinsa ya mutu a can tsibirin yashi, ya bar shi ya taho da filafili. Na ce tafiya zan yi, ya ce ba zai ɗauki lokaci ba. Har yana tsokanata wai ashe ni har rufi nake gyarawa." Ya yi 'yar dariya. "Bari in je in duba masa, ba kyau a bar mutum a ruwa. In na dawo zan kira ki. Ki ajiye min amsata."

Na kira. Tana shiga, ba a ɗauka. Na sake kira.

"Kowa a Isaac ya ga lokacin da ya hau rufin nan," in ji Dakta a hankali. "Kuma kowane masunci ya san sunan makaniki."

"Haka ne," in ji Inna. Tana ɗaure ɗankwalinta.

Na sauko daga gado, ƙasa ta juya, na kama ƙarfen gadon. Dakta ta ce zuciyata ba ta gama komawa daidai ba, bai kamata in fita ba sai gobe. Na kalle ta. Ban san abin da ta gani a idona ba. Ta ɗauki jakar aikinta da makullin mota ta ce, "Ba za ki taka da ƙafa ba. Kuma duk inda na ce ki zauna, ki zauna."

Kasuwa cike take, rana ta take, kowa da inuwarsa, na duba. Suka riƙe ni ɗaya dama ɗaya hagu muka gangara. Matan da muka yi sana'a tare suna ta kira, "Ilama! Ilama ce? Yau wace rana!" Muka wuce su. Jirgin Port-Gentil yana tsaye ana loda ayaba. A gindin teburin Maman Azize mai kifi na hango jakarsa ta tafiya, wayarsa a kai.

"Ya ce in duba masa, kada ta jiƙe," in ji ta. "Tun ɗazu wayar take kuka."

"Da wa ya tafi?" Inna ta tambaya.

"Oho. Wani ne da hula ta rufe fuska. Ni ina fama da masu saye."

Na duba ruwan. Faɗinsa ya fi yadda na sani. Can wajen tsibirin yashi hasken rana yana dukan ido, ba a ganin komai sosai.

Inna ta sa baki a kunnena. "In mutum ya yi nisa a itace, da sunansa muke kiransa, da ƙarfi, mu gaya masa abin da zai dawo dominsa. Shi ya kira a can, ke ki kira a nan. Wanda ya fi riƙo shi ne da shi."

"A gaban mutane, Inna?"

"Da kunyarki da shi, zaɓi ɗaya."

Na saki hannuwansu. Na taka har ruwa ya shafi yatsuna. Na cika ƙirjina da iska, na kira sunansa yadda ban taɓa ɗaga murya ba tun da aka haife ni.

"Onanga! Onanga! Na yarda! Ka ji? Na yarda, ka dawo!"

Kasuwa duk ta juyo. Wata ta fara guɗa, wata ta ce mata ke yi shiru. Na sake kira har muryata ta tsage. Dakta ta riƙe min wuyan hannu tana jin bugun jini, amma ita ma ruwan take kallo.

Sai wani ɗigo ya fito daga cikin hasken. Kwale-kwale ne, ba ƙarar inji. Mutum biyu a ciki. Na kasa gane ko tahowa yake ko tafiya.

Ɗaya ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu. Gajere, mai faɗin kafaɗa. Ko a cikin dubu na san tsayuwar nan.

Ɗayan, mai riƙe da filafili, ya ba mu baya. Bai juyo ba.